An ƙona ƙarin da ke huhun Baba, amma sabon hoto ya nuna abin ya ƙara girma

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 67 ne. Shekara uku da suka wuce aka yi masa aikin sankarar babban hanji, ya yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, muka yi hamdala. Bana sai hoto ya nuna ƙari guda a huhunsa na dama, girmansa santimita 1.8. Muka haɗa kuɗi na raka shi Indiya. Likitocin can suka ce zuciyarsa ba za ta ɗauki babban aiki ba, sai suka soka wata allura ta bayansa suka ƙona ƙarin da zafi. Bayan kwana biyu aka sallame mu. Da aka yi mako shida muka yi hoton CT a nan gida kamar yadda suka umarta. Takardar sakamakon ta ce abin ya kai santimita 4.2, har da rami a tsakiyarsa, kuma wai cutar na ci gaba. Tun ranar gida ya rikice. Yayana ya ce a sayar da gona a koma Indiya cikin watan nan, ko a tafi Legas a yi hoton PET. Kawunmu ya kawo jarkar magani daga ƙauye. Har yau ba mu faɗa wa Baba ba. Shi kuwa yana cin abincinsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ɗan tari ne kawai yake yi. Likita, kuɗinmu ya tafi a banza ke nan? Ni na sa hannu a takardar aikin, ko barci ba na iya yi.

'Yar'uwarku daga Gusau

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Kafin komai, a dakata da maganar gona. Abin da kika kwatanta, wato wuri ya ninka girmansa mako shida bayan an ƙona shi, shi ne abin da ake sa ran gani idan aikin ya yi kyau. Da a ce hoton ya nuna santimita 1.8 cif yadda yake a da, babu wani canji a kewayensa, da nan ne hankalina zai tashi, domin alama ce wutar ba ta ci har inda ya kamata ba.

Bari in yi miki bayanin abin da aka yi wa Baba, don sai kin gane aikin za ki gane hoton. Likita na sa mara lafiya cikin na'urar CT, yana kallon hoto yana tura allura ta tsakanin haƙarƙari har bakinta ya shiga tsakiyar ƙarin. Daga nan a kunna na'ura, bakin allurar ya ɗau zafi, ko dai da igiyar rediyo ko da igiyar maikurowef. Ƙwayoyin jiki ba sa rayuwa idan zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin salshiyos, nan take suke mutuwa. Ba sabon gwaji aka yi a kan Baba ba. Tun a shekarar 2000 wani likita a Amurka mai suna Damian Dupuy da abokan aikinsa suka fara ba da rahoton yin wannan aiki a huhun ɗan Adam, kuma an fi yin sa ga mutane irin Baba, waɗanda ƙarinsu bai wuce santimita 3 ba, jikinsu kuma ba zai jure a buɗe ƙirji ba.

To ga inda maganar take. Likita ba ya ƙona ƙarin shi kaɗai. Da gangan yake haɗawa da lafiyayyen huhun da ke zagaye da shi, aƙalla milimita 5, in da hali har santimita guda ta kowane gefe, saboda sankara na da 'yan saiwoyi da ido ba ya gani, hoto ma ba ya kamawa. Ki yi lissafi da kanki: ƙari mai santimita 1.8, a ƙara masa santimita guda ta dama, guda ta hagu, ya doshi huɗu ke nan tun kafin a zo maganar kumburi. Sannan ba a ciro komai daga ƙirjin ba. Mataccen naman yana nan a wurinsa, jini da ruwa sun taru a kewaye, jiki ya turo dakarunsa suna share wurin a hankali. Ki tuna ranar da tafasasshen mai ya fantsar miki a hannu wajen suya. Ɗigon ɗan ƙarami ne, amma washegari wurin ya yi ja, ya tashi, ya ɗuri ruwa, ya fi ɗigon faɗi nesa ba kusa ba, sai bayan makonni ya motse ya koma tabo. Huhu ma haka yake yi, sai dai nasa na ɗaukar watanni.

A makonnin farko wurin na fin ƙarin asali girma, wani lokaci ma ya ɗan ƙara faɗi cikin wata na farko zuwa na uku. Daga wata uku ake so a ga ya tsaya ko ya fara ja da baya. Zuwa wata shida ya kamata ya gaza yadda yake a hoton farko na bayan aiki. Ƙarshensa kuma iri-iri ne. A wasu yakan zama siririn tabo kamar zare, a wasu ya zauna a matsayin dunƙule har abada ba ya girma ba ya raguwa, a wasu ya yi kogo, a wasu sashen huhun da ke wurin ya lotsa. Ɓacewa ɗungurungum ba ta cika faruwa ba. Na faɗi wannan ne don kada ku zauna jiran ranar da za a ce hoto ya fita fes babu komai, in ba ta zo ba ku ɗauka an yi asara.

Saboda haka ba a auna sabon hoto da hoton da aka ɗauka kafin aiki. Wanda ya yi haka dole ya rubuta cewa ƙari ya girma, tunda abin da ma'auninsa ya nuna masa ke nan. Hoton da ake ɗauka wajen wata guda zuwa mako shida bayan ƙonawa shi ne sabon ma'auni, duk wani hoto na gaba da shi ake gwada shi. Wannan hoton da ya hana ki barci, shi ne tushen da za a riƙa komawa gare shi. Ki adana shi da kyau.

Ina da tambaya gare ki: da kuka je ɗaukar hoton, me aka rubuta a takardar neman hoto? Sau da yawa abin da ke kanta bai wuce "sankarar hanji, a duba huhu" ba. Likitan da ke karanta hoto yana zaune a ɗakinsa gaban kwamfuta, galibi bai ga mara lafiya ba, bai san an soka allura ba, kuma wannan aiki ba a cika yin sa a asibitocinmu ba, balle a ce idonsa ya saba da irin tabon da yake bari. Ya ga tsohon rahoto ya ce 1.8, ya auna ya ga 4.2, ya rubuta abin da ya gani. Kada ku je masa da faɗa. Ki koma da ladabi, ki kai masa takardar sallama ta Indiya wadda ke ɗauke da ranar aikin da irin na'urar da aka yi amfani da ita, da faifan hoton kafin aiki, da na ranar aikin, ki roƙe shi ya sake dubawa ya rubuta ƙarin bayani. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan.

A lokaci guda ki aika wa likitan da ya yi aikin hoton kansa. Ina nufin abin da ke cikin faifai, ba takardar rahoto ba, ba kuma hoton fim ɗin da aka ɗaga a taga aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ba. Wannan na ƙarshe ba ya da amfani ko kaɗan, domin hoton CT ɗaruruwan yanka ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya ana aunawa. Ki ce wa masu hoton su kwafa miki a faifai ko filashi a tsarin da suke kira DICOM, wani yaro mai sanin kwamfuta ya ɗora miki a Google Drive ki tura. Kuɗin data kawai zai ci, ba kuɗin jirgi ba. Shi wanda ya riƙe allurar ya san inda ya ƙona da iyakar inda wutar ta kai, kuma hukunci a kan hoton Baba na hannun wanda ya jera hotunan nan uku gefe da gefe.

Ba zan ce miki sankara ba ta dawowa a wurin da aka ƙona ba. Tana dawowa, shi ya sa ake bibiya. An fi ganin haka idan ƙarin ya haura santimita 3, ko yana jingine da babbar jijiyar jini, domin jinin da ke gudana yana kwashe zafin kafin ya gama kashe ƙwayoyin da ke gefen. Abubuwan da likita ke nema sanannu ne: wurin ya ci gaba da girma bayan wata uku, musamman bayan wata shida, ko ya riga ya motse sai kuma ya sake tasowa, ko wani ƙullutu ya ɓullo a gefe guda, ko kuma idan an yi allurar rinin nan da ke haska jijiyoyi a hoto, a ga wani sashe mai kauri mara tsari yana shan rinin. Mataccen nama ba ya shan rini tunda jini ba ya shigarsa. Siririn zobe mai santsi da ke haskawa a kewaye cikin watannin farko kuwa aikin warkewa ne. Ki lura duk alamomin nan sai an gwada hoto da hoto a tsawon lokaci ake gane su. Hoto guda a mako na shida ba ya isa a yanke cewa aiki ya lalace.

Ga abin da zai ɗan sanyaya miki rai. A 2015 wasu likitoci a Faransa ƙarƙashin Thierry de Baère suka wallafa sakamakon marasa lafiya 566 da aka ƙona musu ƙari 1,037 da suka yaɗu zuwa huhu daga wasu sassan jiki, akasarinsu daga hanji. Bayan shekara huɗu, kusan tara cikin goma na wuraren da aka ƙona ba su sake tasowa ba. Ƙarin Baba bai kai santimita 2 ba, yana cikin rukunin da aikin ya fi yi wa kyau.

Sai maganar PET da yayanki ya kawo. Niyyarsa mai kyau ce, lokacin ne bai yi ba. Yadda hoton PET ke aiki shi ne a yi wa mutum allurar wani nau'in suga mai alama, a ga inda jiki ya fi zuƙar sa, saboda ƙwayoyin sankara na da haɗamar suga. Matsalar ita ce wurin da ke kumbure yana warkewa shi ma zuƙar sugan yake yi. In aka yi wa Baba PET yanzu, gefen ƙunar zai haska, kaluluwar tsakiyar ƙirji ma tana iya kumbura ta haska don kawai tana aikin share wurin, ku kashe kuɗi masu yawa da wahalar tafiya ku dawo da sabon firgici. Shi ya sa ba a son yin sa kafin wata uku, likitoci da yawa ma sun fi son a kai wata shida, sai fa idan hoton CT ya nuna abin da ke da shakku. Ku ajiye kuɗin har likitansa ya ce lokaci ya yi.

Ramin da aka gani a tsakiya ma ba baƙon abu ba ne. Idan wurin da aka ƙona yana kusa da hanyar iska, mataccen naman kan narke ya fita ta tari kaɗan-kaɗan, ya bar kogo, kuma yawanci kogon na tsukewa da kansa. Amma a nan ina so ki sa ido, don abu biyu. Na farko, kogo a huhu na iya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta, ya yi ruwa, ko fumfuna ta yi gida a ciki. Na biyu, mu a ƙasarmu tarin tibi ya yi yawa, shi ma kogo yake yi a huhu, shi ma yana haskawa a PET, kuma dattijon da ya sha kemo garkuwar jikinsa ba kamar ta kowa ba ce. Tunda Baba na tari, in ya kai mako biyu a kai kakinsa a yi gwajin GeneXpert. Kyauta ake yin sa a cibiyoyin tibi na gwamnati. Haka kuma kada wani ya ga kogo a hoto ya ɗora shi a kan maganin tibi na wata shida ba tare da gwaji ba, alhali bai san an yi ƙuna a wurin ba.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar hoto a kansu. Idan numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya ko ƙirji ya soke shi da ƙarfi, a tafi asibiti a daren, domin iska na iya taruwa tsakanin huhu da bangon ƙirji, wadda ita ce matsalar da aka fi samu bayan wannan aiki, kuma jefi-jefi takan zo a makare. Haka in ya yi tarin jini fiye da ɗan ɗigo a kaki, ko zazzaɓi mai zafi da kaki mai wari, ko fatar ƙirji da wuya ta kumbura tana ƙaras-ƙaras in an taɓa. Ki gaya wa yayanki ma, wanda iska ta taru masa a ƙirji ba ya hawa jirgin sama sai likita ya tabbatar ta washe.

Tsarin bibiya ya ɗan bambanta daga asibiti zuwa asibiti, amma galibi hoton CT ne a wata na 1, na 3, na 6, na 9 da na 12, daga nan duk wata shida, in an yi nisa a koma shekara-shekara. Ki bi wanda aka rubuta muku a takardar sallama. In da hali ku riƙa yi a wuri guda, da na'ura guda, a yanka hoton siriri, don awon ya yi daidai da na baya. A kan kowace takardar neman hoto a rubuta ranar ƙonawar da gefen da aka yi, in ba a rubuta ba ki sa baki. Kafin allurar rini a gwada ƙodarsa, in yana shan metformin na ciwon suga ko ya taɓa samun matsala da rinin a faɗa tun kafin a kwantar da shi. Ki sayi jakar takardu guda, kowane faifai ki rubuta kwanan wata a kansa.

Kuma kada ido ya tsaya a tabon nan kaɗai. Sankarar Baba daga hanji ta taso. Abin da ya fi faruwa ga masu irin larurarsa shi ne sabon ƙari ya fito a wani wuri daban na huhu ko a hanta, ba a wurin da aka ƙona ba. Don haka yana buƙatar likitan sankara a nan gida wanda zai riƙe fayil ɗinsa, ya riƙa duba ciki da hanta, ya riƙa auna gwajin jinin nan na CEA da ake bibiyar sankarar hanji da shi. Indiya ta yi nisa ga bibiyar shekaru. Idan ma an ga wani abu nan gaba, ƙofa ba ta rufe ba. Ana sake ƙona wuri, ana yin gashi da na'ura mai saiti a kan ƙaramin ƙari, ana komawa kemo. Duk waɗannan sun fi yin amfani idan an kama abin yana ƙarami, kuma kuɗinsu ne za ku nema a lokacin. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce a bar gonar a yanzu.

Jarkar Kawu kuwa, a karɓa a yi godiya, amma kada Baba ya sha. Ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadinsa ba, kuma irin waɗannan jiƙe-jiƙen sun sha lalata ƙoda da hanta. Baba na buƙatar ƙodarsa don allurar rini, yana buƙatar hantarsa in har za a koma kemo. Ki samu wani babba da Kawu ke jin nauyinsa ya yi masa bayani, kada ya fito daga bakinki ya zama rashin kunya. Addu'a da sadaka da saukar Alƙur'ani kuwa a dage da su, ba sa karo da maganin asibiti.

Game da ɓoye wa Baba, ban goyi baya ba. Mutumin da ya yi jinyar sankara shekara uku ya san fuskar 'ya'yansa. Ya ga an yi hoto, ya ga ana ƙus-ƙus a zaure, ya ga an daina haɗa ido da shi, abin da zai raya a ransa ya fi abin da ke takardar muni. Jikinsa ne, gonarsa ce ake maganar sayarwa. Ki zauna da shi ke da yayanki bayan sallar isha'i ku ce masa: "Baba, hoto ya nuna wurin ya faɗaɗa, an ce haka ƙuna ke yi a farko, mun aika wa likitan da ya yi aikin ya duba, za a sake wani hoton idan an cika wata uku." Gaskiya ce tsantsa, kuma zai iya ɗauka. Shi ne ma zai fi kowa kiyaye ranakun hoton in ya san dalilinsu.

Sa hannun da kika yi kuma, kin yi shi ne a kan shawarar likitocin da suka auna zuciyarsa suka ga ba za ta ɗauki yanka ba, suka zaɓar masa hanyar da ta dace da girman ƙarinsa. Da ni ce a wurin, da na sa hannu. Gobe da safe ki fara da karɓo faifan, ki tura Indiya, ki nemi ranar ganin likitan sankara, sannan ki duba kalanda ki sa alama a ranar da aikin zai cika wata uku. In sakamakon wancan hoton ya fito, ki rubuto min awon da aka samu tare da na yanzu, mu duba tare.